Amsa ga mai son sanya fitila a but ɗin Peugeot 504

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, tambayarka ta taɓa ni ƙwarai, domin aikin da kake shirin yi shi ne ya kusa raba ni da motata, kuma maganar da aka gaya maka ita ce aka gaya mini a lokacin. Ka ce kana son sanya fitila a but ɗin 504 ɗinka, kana tambaya ko a ɗauki wutar daga fitilar lamba ko a jawo waya tun daga gaba, sannan ka ce mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya tabbatar maka cewa ƙaramin ƙwai irin wannan ba ya buƙatar fiyus. Ina roƙonka don Allah kada ka bari ya taɓa maka waya ko ɗaya muddin yana kan wannan magana.

Ba don ƙwan fitila ake sa fiyus ba, don waya ake sa shi. Gaskiya ne ƙwai mai wat 5 a kan batir mai bolt 12 ko rabin amfiya ba ya ja, kuma da wannan hujjar ce suke rufe wa mutum baki. Amma ranar da robar wayar ta goge, jan ƙarfen cikinta ya taɓa bodi, ƙwan ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Batirin da ke iya juya injin mota da kik, shi ne zai zuba duk ƙarfinsa a cikin siririyar waya, kuma idan babu fiyus da zai yanke, wayar ce za ta yi ja ta ƙone tun daga inda aka ɗauko ta har inda ta taɓa ƙarfe.

Tawa haɗin Kaduna ce, ta 1982, kuma daga hannun mahaifina, Allah ya jiƙansa, ta zo hannuna da wayoyinta na asali, ba wanda ya taɓa yanka ko guda. Na kai ta wurin wani mai riwaya a nan cikin garin Bauchi don wannan ƙaramin aiki kaɗai. Ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya fere wata tsohuwar waya mai wuta da reza, ya murɗa sabuwa a kanta, ya naɗe da salatif. Daga nan ya bi da ita ƙarƙashin kafet, ya wuce ƙarƙashin kujerar baya, ya cusa ta ta wata kafa mai kaifin baki a jikin ƙarfen da ya raba kujera da but, ba tare da ya sa roba a bakin kafar ba, sannan ya hau da ita kan murfin but ta gefen hinji. Ina tsaye a kansa na tambaye shi ina fiyus, sai ya yi dariya a gaban yaransa, ya ce shi tun ina makaranta yake gyaran 504, in bar masu sana'a su yi sana'arsu. Fitila ta kama, na biya shi abin da ya yanka ba tare da ciniki ba.

Bayan wasu watanni muna dawowa daga ta'aziyya a Gombe, ni da mahaifiyata da maiɗakina da yara, mun wuce Alkaleri bayan isha'i, sai Hajiya ta ce tana jin ƙaurin roba. Kafin in gama rage gudu, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujerar da take zaune a kai, ita da ƙaramin jikanta a cinya. Na sauka gefen titi, na kashe mota, na zare makulli, amma hayaƙin bai tsaya ba, domin wayar da ya ɗauko tana da wuta ko da an kashe mota. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ce, da ƙyar muka fito da ita, tana ta salati, yara suna kuka. Sifanar da zan kwance kan batir da ita tana cikin but, but ɗin kuma cike yake da hayaƙi, ga tankin mai a nan bayan motar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan daren ba. Wani direban babbar mota ne ya tsaya, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, ya zo da sifanarsa a guje ya cire kan batir, sannan muka ɗaga kujera muka zuba ƙasa a kan kafet ɗin da ke ci. Muka kwana a wurin, babu fitilar baya ko ɗaya, tireloli suna wucewa ta gefenmu har gari ya waye.

Da aka jawo motar gida aka buɗe, sai muka ga sabuwar wayar ta ƙone daga farkonta har ƙarshenta, kuma ta narke ta manne da damin wayoyin asali da ke kai wuta fitilun baya da gejin mai. Abin da ya shekara fiye da talatin lafiya lau ya lalace a dare ɗaya saboda abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na koma wurin mutumin da guntun wayar a hannuna, ba don faɗa ba, don ya ga abin da aikinsa ya haifar. Ko sannu bai ce mini ba, ko Hajiya bai tambayi lafiyarta ba. Cewa ya yi mota ce ta tsufa, tsohuwar mota kuwa ba a rasa ta da irin wannan, kuma idan ina so ya sake mini wayarin bayan duka, ga farashinsa. Wannan amsar ta fi ƙonewar motar yi mini ciwo, kuma har yau idan na wuce ta gaban rumfarsa na ga an ajiye masa mota, sai in ji tausayin mai ita.

Game da inda za ka ɗauki wuta, hanyoyin biyu da ka ambata duk suna aiki. Idan ka ɗauka daga layin fitilar lamba, wato layin ƙananan fitilu, aikin gajere ne domin wayar tana nan kusa, kuma fitilar but ba za ta iya shanye maka batir ita kaɗai ba, tunda ba ta kamawa sai ka kunna ƙananan fitilu. Wanda ya tsaya canza taya da dare ma dole ne ya bar su a kunne. Aibinta shi ne duk lokacin da kake son ɗaukar kaya a gida sai ka fara zuwa gaba ka kunna, kuma dole a taɓa tsohuwar waya. Kada dai a kuskura a ɗauka daga layin birki ko na sigina. Ni na fi son sabuwar waya guda tun daga gaba, daga akwatin fiyus a gefen da ke da wuta kullum, ko daga batir kai tsaye, da fiyus nata na kanta mai amfiya 3 ko 5. A sa fiyus ɗin a daidai inda wayar ta faro, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Wanda aka sa a cikin but kusa da fitila ba ya kare dogon zangon da ya ratsa ƙarƙashin kujeru, wanda kuma shi ne ya ƙone a tawa. Waya mai kaurin milimita 1 ta wadatar, amma ta jan ƙarfe mai silli-silli ta mota, ba guntun wayar gida mai sanda ɗaya ba, wadda girgizar hanya ke karyawa.

Kafin a fara komai a cire kan batir na negetib. Ka kuma ajiye sifanar da ta dace da shi a aljihun gaban mota, ba a but ba.

Ka tuna cewa wayoyin waɗannan motoci da lamba ake gane su, ba da launi kawai ba, kuma a mota mai shekaru irin namu lambobin sun goge a wurare da yawa, robar kuma ta bushe tana karyewa da an lanƙwasa ta. Saboda haka mai aiki ya gwada da testa ya tabbatar kafin ya haɗa, kada ya yi ta ferewa yana nema. Duk inda aka haɗa waya biyu a liƙe da dalma ko a matse da kan waya na ƙarfe, sannan a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Salatif ba ya jure zafin Maris da Afrilu na Bauchi a cikin rufaffiyar mota, yana saki ya warware. Duk kafar da waya za ta ratsa a jikin ƙarfe a sa mata zoben roba, kuma a ɗaure wayar a bin tsohon layi don kada ta riƙa lilo tana goga.

Fitilar kanta kada a ɗora ta a jikin murfin but. Wayar da ta bi ta hinji tana lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, kuma wata rana za ta gaji. Ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashin baya, a bayan kujera, shi ne wurin da ya dace, domin ba ya motsi, hasken yana sauka a kan kaya, kuma ruwan da ke yoyo ta robar murfi a watan Agusta ba ya kai wa can. Idan sai an huda, a duba abin da ke bayan ƙarfen tukuna, a yi nesa da tanki da bututun mai, a shafa fenti a bakin hudar saboda tsatsa.

Makunnin da ya fi sauƙi shi ne irin na ƙofa, wanda ke kunna fitilar cikin mota, mai ɗan tsinke da murfi ke dannawa. Tsarin haɗin shi ne wuta ta fito daga fiyus ta shiga ƙafa ɗaya ta fitila, ɗaya ƙafar ta tafi makunni, makunnin kuma ya haɗa ta da bodi idan an ɗaga murfi. A kankare fenti da tsatsa a inda makunnin zai zauna har sai farin ƙarfe ya fito, in ba haka ba fitilar za ta riƙa kyaftawa. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da dama. Wasu gidajen fitila suna ɗaukar negetib ta sukurun da aka ɗaure su da shi, kuma idan ka sa irin wannan a wannan tsari, fitilar za ta zauna a kunne dare da rana a cikin rufaffen but ba ka sani ba. Ka nemi mai ƙafa biyu wanda jikinsa roba ne. Ƙwai mai wat 5 da aka bari a kunne yana cin kimanin amfiya-awa 10 a kwana ɗaya daga batir mai ɗaukar amfiya-awa 60, mai wat 21 kuwa yana cin fiye da 40, ka ga kafin kwana biyu mota ba za ta tashi ba. Mai wat 21 ɗin ma bai dace da but ba ko kaɗan, domin zafinsa yana narka murfin fitila, kuma buhu ko tufafi na iya jingina da shi. Ƙwan LED ya fi sanyi da ƙarancin cin wuta, sai dai mafi yawansu ba sa kamawa idan aka juya musu ƙafa, don haka idan ya ƙi kamawa a juya shi kafin a ce ya mutu. Masu gam a baya kuma suna faɗowa da zafi, gara wanda ake ɗaurewa da sukuru.

Idan an gama, ka kunna bidiyo a wayarka ta hannu, ka ajiye ta a cikin but, ka rufe, ka ɗan jijjiga motar, sannan ka buɗe ka kalla. Idan hoton ya yi duhu daga rufewa har buɗewa, makunnin ya zauna daidai. Idan haske yana dawowa lokacin jijjigawa, a matso da makunnin ko a ƙara ɗan ƙarfe a inda murfi ke danna shi. Na ji wasu suna sa yaro ya shiga a rufe shi don ya duba, don Allah kada a yi haka.

Tunda ka ce motarka ta daɗe a ajiye kafin ka tayar da ita, ka ɗaga kujerar baya da kafet ɗin but ka duba tsofaffin wayoyin tun kafin a ƙara sabuwa, domin ɓera yana son wurin. Ka ɗauko mana hoton akwatin fiyus ɗinka da na wayoyin fitilun baya ka sa a nan, in sha Allahu zan nuna maka inda na ɗauki tawa da aka sake aikin.