Amsa ga Alhaji: wane tsibirin Girka ya dace da hutun wata guda?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sanya albarka a ritayar. Na karanta tambayarku: kuna son ku tafi da Hajiya ƙasar Girka ku yi kamar wata guda a tsibiri ɗaya daga tsakiyar Satumba, ba ku son yawon yau nan gobe can, Hajiya na fama da gwiwa, yaronku da ke Jamus kuma ya dage sai Santorini. Ni a Atens nake zaune, kuma na yi shekaru ina fita aikin otal a tsibirai idan lokacin baƙi ya zo, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ku ba yaron haƙuri, Santorini ba ta dace da ku ba. Kyau kam akwai shi, hotunan ba ƙarya suke yi ba. Amma garuruwan da ake ɗauka a hoto, Fira da Iya, a kan bakin dutse suke, kuma kusan duk inda mutum zai sa ƙafa matakala ce. Na ga dattawa sun biya kuɗin ɗaki mai kallon teku, aka sauke su da jakunkuna a bakin hanya, sai da suka sauka matakala masu yawa kafin su kai ƙofar ɗakin, daga nan ba su ƙara marmarin fita ba. Ga manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke juye dubban mutane da hantsi, lungunan su cika maƙil. Ga tsada. Wuri ne na kwana biyu ko uku, a ɗauki hoto a wuce. Mikonos kuma ba sai na ja magana ba, ta 'yan rawar dare ce da masu kuɗin ɓarnatarwa.

Wanda zai yi wata guda, abin da ya kamata ya nema shi ne tsibirin da mutanen gari ke zaune a cikinsa rani da damina, inda akwai babban asibiti, da kasuwa, da motar haya mai zirga-zirga, da filin jirgin sama. Bayan mako na farko kallon teku ya zama jiki, abin da zai dame ku shi ne ina za a sayi tumatir, ina kantin magani, yaya za a yi Juma'a. Da wannan ma'aunin, uku ne suka rage a wurina: Rodos, Kirit da Naksos. Kuma ku, Rodos nake ba ku shawara.

Dalilina na farko na Juma'a ne. A shekarar 1923 Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a bayan yarjejeniyar Lozan, aka kwashe Musulmin yawancin ƙasar Girka aka kai su Turkiyya, har da na Kirit. Shi ya sa za ku je Haniya ko Retimno, garuruwan Kirit, ku ga masallaci da ƙubba da hasumiya, ku shiga ku tarar an mai da shi zauren baje kolin zane ko na kiɗa. Rodos da Kos kuwa a lokacin suna hannun Italiya tun 1912, musayar ba ta shafe su ba, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, aka miƙa su ga Girka. Don haka har yau akwai Musulmi 'yan asalin wurin, masu jin Girkanci da Turkanci. A tsohon garin Rodos akwai masallacin Ibrahim Pasha da aka gina a 1540, ana sallah a ciki. Jama'ar ba su da yawa, tsofaffin gari ne da 'yan ci-rani ma'aikatan otal daga Masar da Pakistan da wasu wurare, amma sahu ne, kuma bayan an idar nan ne za ku tambayi inda ake samun naman yanka. Su suka san mahaucin da za a amince da shi a wannan shekarar, kada ku dogara da abin da aka rubuta a intanet shekaru uku da suka wuce.

Na biyu, yanayi. Rodos tana can kudu maso gabas, kusa da gaɓar Turkiyya, kuma tana cikin wuraren da zafi ke daɗewa. Ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ruwan teku da ɗuminsa, rana ta rage kaifi, yara sun koma makaranta, kuɗin ɗaki ya fara sauka. Kun zaɓi lokaci mai kyau. Yuli da Agusta su ne na guje wa: zafi, cunkoso, da haɗarin gobarar daji. A Yulin 2023 gobara ta tashi a kudancin Rodos har aka kwashe kusan mutum dubu 20 daga ƙauyuka da otal-otal.

Sai dai inda za ku kama ɗaki a cikin Rodos ɗin shi ne rabin maganar. Tsohon garin, wanda ganuwa ta kewaye, abin kallo ne sosai. Mayaƙan Kirista da ake kira jaruman Sen Jon suka riƙe shi daga 1309 har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓe shi a 1522, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Amma kada ku kwana a ciki. An daɓe lungunan da ƙananan duwatsun teku masu santsi da tudu-tudu, mai lafiyar ƙafa ma sai ya ji a tafinsa da yamma, balle Hajiya. Mota kuma ba ta shiga yawancin lungunan. Ku nemi ɗaki da falo da kicin a sabon gari, tsakanin tashar Mandraki da bakin tekun Eli. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, akwai kantuna da gidajen burodi da kantin magani, tashar bas tana kusa da kasuwar da suke kira Neya Agora, kuma tsohon garin tafiyar ƙafa ce kaɗan. Kafin ku biya ku rubuta wa mai gidan ku tambaye shi abu uku: hawa na nawa ne, akwai lifta, akwai injin wanki. Gidaje da yawa a Girka abin da suke kira hawa na ɗaya shi ne wanda sai an hau bene, na ƙasa sunansa daban. Kuma tunda wata guda za ku yi a ƙarshen lokacin baƙi, ku nemi ragi kai tsaye, galibi suna yi.

Tsibirin yana da fuska biyu. Gefen yamma, wajen Iksiya da Iyalisos, iska ce da igiyar ruwa da tsakuwa, masu wasan tsere a kan ruwa ke son sa. Gefen gabas ruwan a kwance yake. Kalitiya tana kusa da gari, wurin wanka ne da Italiyawa suka gina a 1929, akwai inuwa da wurin zama. Tsambika yashi ne mai laushi, ruwan ba zurfi. Faliraki kuwa ku bi ta cikinta a bas kawai, matattarar samarin Turai ce masu shaye-shaye. Ƙauyen Lindos, da ke gindin wani dutse, yana da nisan kilomita kamar 50 daga gari, ku je sau ɗaya da sassafe, ku sha shayi a ƙasa ku kalli fararen gidaje, hawan kan dutsen ku bar wa yaronku idan ya zo. Wata ranar kuma ku shiga jirgin ruwa zuwa Simi, ƙaramin tsibiri mai gidaje kala-kala a jikin tudu, a tafi da safe a dawo da yamma. Wannan ya ishe ku yawo. Sauran ranakun ku shiga tsohon garin bayan la'asar, lokacin da mutanen manyan jiragen suka koma, ku bar titin Sokratus mai shagunan tsaraba ku bi lungunan baya. A saman titin, daura da masallacin Sulaiman, akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmed Aga da aka kafa a 1793, da tsofaffin littattafan Larabci da Farisanci da Turkanci rubutun hannu. Na san wannan zai yi muku daɗi.

Wani gargaɗi a nan, don na ga ya ci mutane. A tashar jirgin ruwa za ku ga ana tallan zuwa Marmaris ta Turkiyya a wuni a dawo. Idan bizarku ta Shengen, wato ta ƙasashen Turai da za ku shiga Girka da ita, ta shiga sau ɗaya ce, kuna fita ta mutu, ba za a bar ku ku dawo ba, kayanku na ɗaki a Rodos ku kuna Turkiyya. Ga shi fasfon Najeriya ma sai da bizar Turkiyya daban. Ku bar wannan tafiyar.

Kirit ita ce ta biyu a wurina, kuma da ba don Juma'a ba da sai in ce kunnen doki suka yi. Ita ce mafi girma a tsibiran Girka, tsawonta ya kai kilomita 260, ƙasa ce guda da duwatsunta da gonakin zaitun. Haniya gari ne mai daɗin zama, abincinsu kuma ya fi na ko'ina a ganina. Matsalarta girman nan: wuraren bakin teku da ake yabo, kamar Elafonisi da Balos, tafiya ce mai nisa a hanya mai lanƙwasa, kuma mai son hutu zai tarar kullum yana cikin mota. Naksos ita ce wadda ni kaina na fi so, manoma ne masu dankali da shanu da cuku, bakin tekunta yashi ne mai tsawo. Amma garin ƙarami ne, asibitinta ba na babbar matsala ba ne, babu masallaci, kuma tana tsakiyar hanyar meltemi, iskar arewa mai kaɗawa kamar ta hunturu sai dai babu ƙura, wadda kan hana ƙananan jiragen ruwa tashi. Da Oktoba ta yi nisa kuma wurare sun fara rufewa. Ta masu ƙarfin ƙafa ce a watan Yuni.

Maganar abinci, ku buɗe kunne. Alade na cikin naman da Girkawa suka fi ci. Suvlaki (tsirensu) da giros (irin shawarmarsu) da za ku gani a kowace kusurwa, idan ba a faɗa ba, to na alade ne, kuma na kazar ma sau da yawa a kan ƙarfe ɗaya ake gasawa, da wuƙa ɗaya ake yankawa. Niƙaƙƙen nama kan zo a gauraye. Wasu miyan, har da ta oktopus, dabbar teku mai hannaye takwas, da giya ake dafawa. Ku riƙe kalmar hirino, shi ne alade, krasi kuma giyar inabi, ku tambaya, ba sa jin haushi. Abin da ya cece mu shi ne suna da girke-girke da yawa na ganye da man zaitun zalla, saboda azuminsu na coci da ba a cin nama. Ladera suke kiran su. Akwai bamiyes, kuɓewa ce ƙanana da aka dafa da tumatir ba a yanka ba, ba ta yauƙi. Akwai yemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa aka gasa, sai dai a tambaya ko an sa nama. Akwai wake fari mai baƙin ido irin namu, da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake. Kifi babba da kilo ake sayarwa a gidan abinci, ku ce a auna a gabanku a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Ƙananan kifi irin sardin su ne masu araha, kuma sun fi daɗi. A ƙarshen cin abinci sukan kawo ɗan kofi na wani farin ruwa kyauta, musamman a Kirit. Barasa ce mai ƙarfi, ku yi godiya ku mayar. Tunda kuna da kicin, Hajiya ta taho da yajinta da daddawa da kuka a ƙulle da kyau, amma banda kilishi, ba a yarda a shigo da nama Tarayyar Turai ba. Kowane mako akwai kasuwar titi da suke kira laiki, manoma ke kawo kaya, ku tambayi mai gidanku ranarta.

Sai ƙananan abubuwa da ba a faɗa wa mutum. Ku taho da buta, ba za ku samu a bayin ba. Takardar bayi ba a jefa ta a masai, kwando ake sa wa a gefe saboda bututunsu sirara ne. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kada ku fuskanci gabas yadda aka saba a gida. Daga ƙarfe 3 (3 da rabi idan Oktoba ta shiga) zuwa 5 da rabi na yamma lokacin barcin rana ne a doka, ba a hayaniya, ƙananan shaguna da yawa ma a rufe suke. A bakin teku za ku ga shigar da ido ba ya so, maganinta zuwa da sassafe, lokacin tsofaffin gari ne kawai ke iyo, kuma ba wanda zai kalli Hajiya don ta zauna da mayafinta. Ku riƙa yawo da kwafin fasfo da biza a aljihu. Tsibiran nan hanyar 'yan gudun hijira ce, kuma baƙar fata ya fi saurin a tsayar da shi a tambaye shi takarda, musamman a tashar jirgin ruwa. Lambar gaggawa 112 ce.

Ta fuskar biza, ta gajeren zama tana ba da har kwana 90 a cikin 180, wata guda bai kai ko'ina ba. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma dole ne inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ku duba da kyau ko inshorar ta haɗa da ciwon da mutum ke da shi tun kafin tafiya, saboda gwiwar Hajiya, magungunanku kuma ku taho da na wata guda da takardar likita. Ku nema da wuri, kuma ɗakin da za ku nuna musu ya zama wanda ake iya sokewa a mayar da kuɗi.

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an yada zango, galibi a Alƙahira ko Istanbul. Daga Atens kada ku yarda a sa ku a jirgin ruwa zuwa Rodos, daga tashar Pireyas tafiyar ta kan wuce awa 15. Jirgin sama awa ɗaya ne. Idan yaron ya matsa sai an ga Santorini, ya zo ya ɗauke ku a ƙarshen hutun ku yi kwana biyu, ya kama muku ɗaki a Kamari, can ƙasa a bakin teku inda babu matakala, ya ɗauki mota ya kai ku Iya ku ga faɗuwar rana ku dawo. A gaida Hajiya da jiki.