Ga malamar da ta yi tambaya kan kifin takarda

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun da safe, cewa an ce ki yi wa 'yan ajinki halittun teku da takarda, yara 32 'yan shekara uku zuwa biyar, ba a ba ki ko kwabo na kayan aiki ba, su kuma yaran ba su taɓa ganin teku ba. Wallahi sai da na ajiye waya na yi shiru, domin abin da ya same ni ke nan shekara huɗu da suka wuce.

Ki fara da kifi, ki bar sauran tukuna. Ki je wurin mai shagon unguwarku ki roƙi kwalayen taliya ko na sabulu. Ki kifa murfin ƙaramar tukunya a kan kwalin ki zagaye da biro, ki yanke. A gefe ɗaya ki cire ɗan yanki mai kusurwa uku, wurin ya zama baki, yankin da kika cire kuma a liƙa shi a baya ya zama wutsiya. Shi ke nan an samu kifi. Wannan yankan ke za ki yi a gida, don kwali ya fi ƙarfin hannunsu. Amma duk abin da ya biyo baya nasu ne, kuma a nan na yi kuskure da farko, na kwana ina ƙawata kifi 28 ni kaɗai, da safe yara suka kalla suka koma wasansu. Ba su suka yi ba, ina ruwansu.

Karo na biyu na kawo tsofaffin kalanda da takardun biskit masu ƙyalli, na ce kowa ya yayyaga da hannu ya liƙa a jikin kifinsa. Ajin ya yi tsit. Yagar nan ba wasa ba ce kawai, ita ke ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe fensir gobe.

Akwai wata yarinya a ajin nan, shekararta huɗu, tun da aka kawo ta ba ta magana da kowa. Ta yi kifinta ja wur, ta yi masa ido uku. Na ce ai biyu ne, ta ɗago ta ce ɗayan na ganin dare ne. Maganarta ta farko ke nan gare ni a zango guda. Na rataye kifayen duka da zare daga wannan taga zuwa waccan, kowane da sunan mai shi a baya. Kullum da safe sai ta je ta taɓa nata kafin ta zauna.

Sai ranar da iyaye za su zo ganin aikin yara ta matso. Ana gobe, bayan an tashi, mai makarantar ta shigo ajina ta tsaya ta kama ƙugu, ta ce mene ne wannan tarkacen, so nake iyaye su ce juji suke biya wa kuɗi? Na ce Hajiya aikin yara ne, da hannunsu suka yi. Ta ce ba ta ɗauke ni aiki don na koya mata sana'arta ba. A gabana ta kira mai shara ya tsinke zaren. Ban iya cewa uffan ba, albashin wata biyu nake bi a lokacin, ina tsoron na yi magana na rasa duka. Aka manna hotunan kasuwa masu sheƙi a bango. Da safe yarinyar nan ta shigo, ta tafi kai tsaye inda kifinta yake, ta tsaya tana kallon sama. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta juyo ta dube ni kawai. Har yau idan na tuna kallon nan zuciyata na yi mini zafi. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, a wurin taron Hajiyar ta tsaya a gaban iyaye tana cewa a makarantarta ana koya wa yara aikin hannu. Na bar wurin a ƙarshen shekara. Na yafe kuɗina, wannan kam ban iya mantawa ba.

Don haka ki je wurin shugabarku tun yanzu ki gaya mata aikin zai fito a karkace, kuma haka ake so. Ranar da aka gama ki ɗauki hoton kowane yaro riƙe da nasa, ki bar su su tafi da shi gida.

Maganar gam, kada ki kashe kuɗinki. Ki dama sitaci da tafasasshen ruwa kamar za ki sa wa kaya, ko ki dafa fulawa cokali biyu a kofin ruwa har ta yi kauri kamar kunu, ki bari ta huce. Ki zuba kaɗan-kaɗan a murafun kwalba, su shafa da yatsa. Ko sun lasa ba komai, kuma za su lasa. Illarsa ɗaya, kyankyaso da ɓera na sonsa, shi ya sa nake ratayewa. Da hunturu nan da nan ya bushe, da damina kuwa ki shanya a rana kada ya yi funfuna. Kada ki bari reza ko gam ɗin nan mai kama fata ya shiga ajin. Ido kuma a zana shi da biro. Kada ki sa maɓalli ko ƙwayar wake, ɗan shekara uku hanci ko kunne zai tura.

Batun ba su san teku ba, ai suna cin abin da ke cikinta. Ki tambaye su wa ya taɓa cin kifin taitus. Ki ce to shi daga teku yake zuwa, tarwada da karfasa kuma na kogi ne da dam, irin waɗanda ake kamawa a Tiga ko a bikin kamun kifi na Argungu. Ni na zuba gishiri giram 35 a ruwa lita ɗaya, kusan cokali biyu, don kusan haka gishirin ruwan teku yake, na ɗiga wa kowa a harshe. Yadda suka yamutsa fuska! Na ce haka ruwan Tekun Atilantika yake a Legas. Bango kuma na jiƙa tsohon farin zani da bula na shanya, ya zama ruwanmu.

In kifi ya karɓu, ki yi ƙaguwa. Yaro ya ɗora tafukansa biyu a takarda ki zagaye, a haɗa su gindi da gindi. Yatsu goma, ita ma ƙaguwa ƙafafunta goma ne har da 'yan dantsen nan biyu da take matsa da su. Oktofas kuma, wata halittar teku mai hannaye takwas, rabin da'ira ne da zirin takarda takwas, a naɗe kowane a jikin fensir ya lanƙwashe, suna liƙawa suna ƙirgawa. Da na ce musu zuciyarsa uku ce, jininsa shuɗi, wani yaro ya ce Allah mai iko, da irin muryar kakarsa.

Wani uba zai iya zuwa miki da maganar siffar abu mai rai. Ya zo mini ni ma. Ban yi musu da shi ba, na tuna masa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai gamsu ba, na ce to ɗansa ya yi mana jirgin ruwa da ciyayin ƙasan teku. Yaron ya ji daɗi, uban ma haka.

Ki raba su rukuni huɗu, takwas-takwas, kada ki wuce minti 20 da kowane rukuni, sauran ki ba su kala su yi zane. In akwai mai taya ki aiki a aji ki roƙe ta ta zauna ranar. Ki gaya mini 'yan shekara ukun nawa ne a cikinsu, don su sai an yayyaga musu takardar rabi kafin a miƙa musu.