Yadda kabon ke nuna zafin da dutse ya sha

Ɗan'uwa, ka tambaya yaya ake sanin zafin da dutse ya taɓa sha a ƙarƙashin ƙasa alhali ya huce tun shekaru miliyoyi. Amsar tana cikin ɗigo-ɗigon baƙin kabon da ke jikinsa, ragowar matattun halittu.

Idan zafi ya kama wannan kabon, ƙwayoyinsa da ke a hargitse sai su riƙa jeruwa shimfiɗa-shimfiɗa har ya zama girafait, irin bakin fensir. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya komawa baya. Ko dutsen ya huce, kabon yana nan riƙe da shaidar zafi mafi tsanani da ya gani.

Ana yanka dutsen siriri, a goge shi, a haska masa lesa (siririn haske mai ƙarfi) ta na'urar Raman, mai sunan masanin Indiya da ya gano a 1928 yadda haske ke ɗan sauya launi idan ya daki abu ya watsu. A allon kwamfuta za ka ga tudu biyu: ɗaya wajen lamba 1580 a ma'aunin na'urar, na kabon da ya jeru, ɗaya wajen 1350, na wanda bai jeru ba. Gwargwadon zafin da dutsen ya sha, gwargwadon lotsawar tudu na biyu. A 2002 masanin duwatsu Olivier Beyssac da abokan aikinsa suka fitar da lissafin gano zafin daga waɗannan tuddai, daga digiri 330 zuwa 650 a ma'aunin Selshiyos, da kuskuren kusan digiri 50.

Amma ka kula: gogar dutsen tana ɓata kabon da ke sama. Nemi wanda ke ƙarƙashin ma'adini mai garau, ka auna ta cikinsa.