Tambaya da amsa: Wace hanya ake bi a zama alƙalin ɗaukaka ƙara a shari'ar soja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina shekara ta biyu a fannin shari'a a jami'ar Tawa. Na ji labarin alƙalan da ke sake duba hukuncin kotun soja idan an ɗaukaka ƙara, kuma aikin ya kwanta mini a rai. In ajiye karatu in shiga soja tukuna, ko in ci gaba? Wane karatu ake yi, kuma shekara nawa hanyar ke ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Kada ka ajiye karatunka. Babu makarantar da ake shiga a fito da takardar alƙalin ɗaukaka ƙara na soja. Kujera ce da ake kaiwa bayan mutum ya ƙware a doka, ya yi shekaru yana shari'a a ƙananan kotuna. A tsarin Nijar kuwa, ƙofar da ta fi kusa da wannan kujera tana wajen alƙalan farar hula, ba a bariki ba.

Kundin shari'ar soja na Nijar doka ce mai lamba 2003-010 ta ranar 11 ga Maris 2003, wadda aka yi bayan boren sojoji na Difa a 2002. Ita ta kafa kotun soja da ke zama a Yamai. Alƙalin farar hula ne ke shugabantar zaman, sojoji na zaune a gefensa, sai kwamishinan gwamnati da ke tsayawa a matsayin mai gabatar da ƙara. Wanda ya ga an karya doka a hukuncin da aka yanke masa, yana iya kai kuka kotun ƙoli ta hanyar da ake ce wa kasasiyo. Tun ƙarshen 2023, Cour d'État ce ke riƙe da wannan aiki, bayan ta maye gurbin Cour de cassation da Conseil d'État. Masu zama a can manyan alƙalai ne da suka hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarmu Najeriya ma haka: hukuncin kotun soja yana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, daga nan sai Kotun Ƙoli.

To ga yadda hanyar take. Ka kammala lisans, shekara 3, a nan Tawa ko a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Ka ɗora masta a kai, kuma shawararmu ka karkata ga dokar laifuffuka da dokar tafiyar da shari'ar laifi, domin su ne abincin yau da kullum na wannan aiki. Daga nan sai konkur na shiga makarantar horar da alƙalai, EFJN, a Yamai. Kujeru kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya zauna sau biyu. Abin da ke kayar da ɗalibai masu kai sau da yawa rubutu ne: sun san doka, amma ba su iya tsara amsa cikin faransanci mai tsabta a cikin awoyin da aka ba su ba. Wasu kuma tun a dosiye suke faɗuwa, saboda kaziye judisiyer ɗinsu, wato takardar kotu da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum, ya wuce wata 3, ko takardar shaidar zama ɗan ƙasa ba ta fito a kan lokaci ba, ko shekarun haihuwa sun haura iyakar da sanarwar konkur ta sa. Karanta sanarwar layi bayan layi.

Wanda ya ci, zai yi horo a aji da kuma sitaj a kotuna, ya yi rantsuwa, a tura shi wata kotu, wataƙila nesa da gida. Can zai yi mataimakin mai gabatar da ƙara, ko alƙali mai bincike, ko alƙalin zama. Sai ya yi shekaru yana hawa daraja kafin a kai shi ɗaya daga kotunan ɗaukaka ƙara, irin na Yamai, Damagaram ko Tawa, daga nan ne kuma ake iya hawa Cour d'État, kuma naɗin yana bi ta majalisar ƙoli ta alƙalai. Ka lissafa da kanka: karatu shekara 5, horo, sannan aikin da ba ya kasa shekara goma sha wani abu. Ba a zuwa wurin da baƙin gashi duka.

Idan kuma kakin ne ke jan ka, akwai hanya ta biyu: ka gama digirin shari'a tukuna, sannan ka nemi makarantar horar da hafsoshin soja ko aikin jandarma. Hafsan da ya san doka yana da amfani ƙwarai wajen bincike da ba kwamanda shawara, kuma ana iya kiransa ya zauna a kotun soja. Amma ka sani soja inda aka tura shi nan yake zuwa. Ba kai za ka zaɓi ofishin shari'a ba.

Sunan muƙamin da ka ji, a Amurka ya fi fitowa fili, domin can an gina masa tsani na kansa. Kundinsu na shari'ar soja an yi shi a 1950, ya fara aiki a 1951. Mutum yana yin digirin farko na shekara 4, ya yi makarantar lauyoyi shekara 3, ya ci jarrabawar zama lauya a wata jiha, sannan ya shiga soja a matsayin hafsa lauya. Sojan ƙasa suna horar da nasu a Charlottesville, jihar Bajiniya, inda bayan wasu shekaru ake komawa a yi masta a dokar soja. Zai yi gabatar da ƙara, ya yi kare wanda ake tuhuma, ya yi ba kwamanda shawara, galibi ya yi alƙalin kotun farko. Sai ya kai wajen laftanar-kanal ko kanal ake tura shi ɗaya daga kotunan ɗaukaka ƙara 4 na rundunonin, inda ake zama aƙalla mutum 3 a kan ƙara guda. A samansu akwai kotu ɗaya a Washinton mai alƙalai 5, dukansu farar hula, shugaban ƙasa ke naɗa su da amincewar majalisar dattawa, wa'adin shekara 15. Dubi wannan da kyau: ko a ƙasar da ta fi kowa tsara shari'ar soja, maganar sama an bar ta a hannun waɗanda ba sa sara wa janar. Faransa kuwa, wadda muka gaji tsarin dokokinmu daga wajenta, ta rushe kotunan soja na lokacin zaman lafiya a cikin ƙasarta tun 1982.

Yanzu aikin kansa, domin mutane da yawa suna zaton wani abu ne mai armashi. Aikin takarda ne. A matakin kasasiyo ba a sake kiran shaidu, ba a sake tambayar wa ya yi me. Dosiye ne a kan tebur, an ɗaure da zare, kowace takarda da lambarta a kusurwa. A ce sojan da aka hukunta kan gudu daga aiki ne. Alƙali zai fara duba ranar da aka shigar da ƙorafin, domin wanda ya wuce wa'adi ko da kwana ɗaya, an rufe masa ƙofa, komai ƙarfin hujjarsa. Sai ya buɗe rahoton kwamandan rukuni ya ga ranar da aka fara rasa mutumin a kiran suna, ya haɗa da ranar da jandarma suka rubuta cewa sun kama shi, ya ƙirga kwanakin da yatsa. Idan ba su kai adadin da doka ta sa ba, laifin ba gudu ba ne, rashin zuwa aiki ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba. Zai duba ko an haɗa kotun yadda doka ta ce, har da darajar sojojin da suka zauna idan an gwada da ta wanda ake tuhuma. Zai duba ko an ba shi lauya, ko an yi masa tafinta idan ba ya jin faransanci, ko hukuncin ya faɗi dalilansa. Idan ya sami ɓaraka, sai a karya hukuncin a mayar da shari'ar a sake ta.

Wurin da aikin ya fi nauyi shi ne matsin manya. Soja an gina shi kan bin umarni, shari'a kuma ba ta karɓar umarni daga kowa, kuma waɗannan biyun a ɗaki ɗaya suke zama. Amurkawa har sashe na 37 suka ware a kundinsu don hana kwamanda sa baki a hukunci. Ƙaramin sojan da aka kawo gaban kotu ba shi da kowa sai dokar nan, kuma rundunar da ke fama da yaƙi a Tilaberi da Difa tana da haƙƙin a tsare mata ɗa'a. Alƙalin da ya karkata gefe guda don tsoro ko don neman suna ya cuci ɗaya daga cikinsu.

Abin da za ka fara tun bana: nemi kundin 2003 ka karanta shi kafaɗa da kafaɗa da kundin laifuffuka da na tafiyar da shari'a, domin inda na soja ya yi shiru, ga na gama-gari ake komawa. Ƙara da yarjejeniyoyin Janeba 4 na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977. Ranar da ba ka da darasi, je kotun Tawa ka zauna a benci ka saurari zaman laifuffuka, da littafi a hannu. Sannan kowane mako ka ɗauki hukunci ɗaya na babbar kotu ka taƙaita shi a shafi guda: abin da ya faru, matakan da shari'ar ta bi, tambayar doka, da amsar da kotu ta ba da. Ka kai wa malaminka na dokar laifuffuka ya gyara maka da jan biro.