Amsa: Tazara nawa zan bari tsakanin abubuwa a fuskar manhaja?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce manhajar odar kaya da kake haɗa wa wani shago a nan Sakkwato ta cunkushe, kuma da ido kake auna tazara. To, ka daina auna ta da ido. Ka ɗauki lamba 8 a matsayin ma'auni, duk tazara ta zama ninkinta: 8, 16, 24, 32, sai 4 don ƙananan abubuwa kamar alama da rubutun gefenta. Haka tsarin Material Design na Google, wanda ya fito a 2014, yake tafiya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kusanci. Sunan kaya da farashinsa su matsu da juna, tsakaninsu da kaya na gaba kuma ka buɗe fili. Kamar kasa tumatir ne a kasuwa, mai saye na kallo ya gane kashi-kashi ba sai an ja layi ba.

Maɓalli kada ya gaza 48dp a Android (dp shi ne ma'aunin girma a allon Android), Apple kuma 44pt ta ce a nata ma'aunin. Wannan ba ado ba ne, dattijo mai danna waya da babban yatsa cikin zafin rana zai gode maka.

Ka gwada a ƙaramar waya irin Itel, kada ka tsaya a allon kwamfutarka. Kuma rubutun Hausa yakan fi na Turanci tsawo, don haka kar ka ƙayyade faɗin maɓalli. In za ka sa Ajami, shafin zai juya daga dama zuwa hagu.