Me Ya Sa Ba Na Jin Bambancin Sin Da Sad?

Tambaya: Na shiga ajin tajwidi ina da shekara 34. Kullum malaminmu yana gyara mini harafin sin da sad, alhali a kunnena duk ɗaya suke. Shin kunnena ne yake da matsala? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, da wuya laifin ya zama na kunne, domin aikinsa bai wuce isar da sauti ba, ƙwaƙwalwa ce take yanke hukuncin ko sautuka biyu ɗaya ne ko daban, kuma tun kana goye ta tsara wannan hukunci bisa Hausar da kake ji. A 1984, Janet Werker da Richard Tees sun nuna a Kanada cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 da ake yi wa Turanci a gida suna rarrabe wasu baƙaƙen harshen Hindi, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina. Ƙwaƙwalwa tana riƙe bambancin da yake sauya ma'ana a harshen gida, ta yi watsi da saura. Tunda Hausa ba ta da sad, sai ta haɗa shi da sin a rumbu guda. Haka baƙon da yake koyon Hausa yake fama kafin ya ji bambancin kasa da ƙasa, abin da yaron goye ma ba ya kuskurewa.

Sai dai ƙofar ba ta rufe ba. A 1991, masana a Jami'ar Indiana ta Amurka sun horar da Japanawa manya kan rarrabe r da l na Turanci, suna jiyar da su kalmomi daga bakin mutane daban-daban, ana faɗa musu nan take ko sun dace, kuma jinsu ya inganta cikin makonni uku.

A ganina wannan hanya ce ta fi dacewa da kai. Ka saurari alarammomi da yawa maimakon ɗaya, ka roƙi malaminka ya riƙa furta saif mai sin, wato takobi, da saif mai sad, wato lokacin zafi, kana nuna wanda ka ji yana gyara maka. Ka kasa kunne musamman ga wasalin da yake bin harafin, domin bayan sad yakan yi kauri, kuma nan ne mafi sauƙin wurin da za ka fara kama bambancin.