Idan ƙara na yi wa kunne ciwo: abin da waya da hedifon za su iya yi wa mai otizim

Duk saƙonnin da na zaɓo wannan makon a kan kunne suke, daga masu lalurar otizim (lalurar da ke shafar mu'amala da mutane da yadda jiki ke karɓar sauti, haske ko taɓi) ko iyayensu. Aikina waya da kwamfuta ne, don haka ɓangaren na'ura zan amsa. Inda magana ta kai ga asibiti zan faɗa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 9, likita ya ce otizim gare shi. Da maƙwabta sun tayar da janareta, ko an kunna injin markaɗen layinmu, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta kuka, wani lokaci har ya shige ƙarƙashin gado. Na sayo masa iyafis mara waya, mai shagon ya rantse min yana kashe ƙara, a kwalin ma an rubuta ENC. Ko kaɗan bai yi ba. Jabu aka sayar min? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Da wuya ya zama jabu, na wani aikin ne daban aka ba ki. ENC na kiran waya ne. Yana tace hayaniyar da ke kewaye da ke don wanda kika kira ya ji muryarki tas, wato kunnen wancan yake yi wa hidima, wanda ya saka shi bai ƙaru da komai ba. Wanda ke rage ƙara a kunnen mai sanye da shi, ANC ake rubutawa a kwalinsa. Masu shago da dama su kansu ba su bambance su ba.

To amma kar ki yi saurin komawa kasuwa tukuna. ANC yana da ƙananan makirfo da ke sauraren ƙarar waje, sai ya ƙirƙiro wani sauti kishiyarta ya tura cikin kunne, su biyun su soke juna, kamar a kwashe ƙasar tudu a cike rami wuri ya baje. Wannan dabarar ta fi ci a kan sauti mai kauri da ba ya canzawa: gurnanin janareta, iyakwandishan, injin mota a doguwar tafiya. Asali ma matuƙa jirgin sama aka fara yi wa shi kafin ya shigo kasuwa. Ƙara mai tsini ko wadda ke faɗowa bagatatan kuwa, irin hon ɗin adaidaita sahu, faɗuwar kwano, ihun yaro, ko ƙugin injin markaɗe lokacin da duwatsunsa ke goga juna, mafi yawanta wucewa take yi. Ga shi wasu suna jin kamar ana danna musu dodon kunne idan an kunna shi, kuma yaron da jikinsa ke saurin jin abu zai iya ƙin sa saboda wannan kaɗai.

Da ɗana ne, da marufin kunne zan fara, irin mai kofi biyu da masu aikin masana'anta da ma'aikatan filin jirgi ke sawa. Ba batir, ba caji, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma ya fi ANC tare ƙara mai tsini. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan kariyar ma'aikata, inda ake sayar da hular kwano da takalmin aiki, akwai kuma na yara, kamar wanda 3M ke yi da sunan Peltor Kid. Ki duba kwalin za ki ga SNR ko NRR da lamba a gabansa, galibi ashirin da wani abu. Adadin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ɗin da ya rage ke nan a ɗakin gwaji. A gida ba ya kaiwa haka, musamman idan hula ko ƙafar tabarau ta ɗaga bakinsa daga fata. Zafi ne babban aibinsa a garuruwanmu, kunne na yin gumi, sai a riƙa cirewa ana shan iska.

Kar a saka masa da ƙarfi, kar kuma a fara gwada masa a tsakiyar kuka. A ba shi lokacin da yake cikin natsuwa ya juya shi, ya saka ya cire da kansa, sannan a rataye shi inda hannunsa zai kai. Abin da ya fi gigita yara irinsa shi ne ƙarar da ta zo ba sanarwa kuma ba su da ikon tsayar da ita. Saboda haka idan akwai fahimta tsakaninku da maƙwabtan, ki roƙe su su yi miki filashin kafin su ja igiyar injin. Minti biyun da zai samu ya ɗauko abinsa ya kan yi aikin da hedifon mai tsada bai yi ba.

Nisa ma magani ne. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin mutum da inji, ƙarar na sauka da kusan desibel 6. A matsar da janaretan daga jikin tagar ɗakin yaron, a juya salansarsa wani gefen, a ɗora shi kan tsohuwar taya ko katifar roba don rage kakkarwa. Sai dai kada neman shiru ya sa a shigar da janareta zaure ko a rufe shi ruf a ɗaki, a cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

Masu ce miki sangarta ce, ki bar su. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi wajen gano otizim ya saka tsananin jin sauti, haske ko taɓi cikin alamomin lalurar.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai otizim, Tecno nake riƙewa. Wayar ce da kanta ke firgita ni. Ina buɗe TikTok ko Facebook sai kiɗa ya fashe min a kunne. Kuma da na haɗa Bluetooth, danna ɗaya ya yi ƙasa da yawa, danna na gaba ya yi sama da yawa. Daga Zariya.

Amsa: Yawwa ɗan uwa, taka ba sai ka kashe ko kwabo ba. Android ta raba ƙarar waya gida-gida. Danna maɓallin ƙara na gefe, ka taɓa ɗigo ukun ko alamar saiti da ta fito, za ka ga na kira daban, na ƙararrawar tashi daban, na bidiyo da waƙa daban. Wannan na ƙarshen ka saba barinsa a ƙasa ƙwarai, sai ka zaɓi abin da za ka saurara sannan ka ɗaga.

A TikTok shiga Settings and privacy, sai Playback, ka kunna Open TikTok on mute. A Facebook shiga saiti, ɓangaren Media, ka hana bidiyo tashi da kansa, ka kashe sautukan cikin manhajar. A YouTube taɓa alamar saiti a kan bidiyon ka tabbatar Stable volume a kunne yake, shi ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu. A WhatsApp kashe Conversation tones a ƙarƙashin Notifications, ka rufe bakin duk gurup ɗin da ba na darasi ba, sannan a Privacy ka kunna Silence unknown callers. Saƙon murya kuwa, idan ka kara wayar a kunne bayan ka danna shi, ta ƙaramar lasifikar kira yake fitowa maimakon babbar.

Matsalar Bluetooth ɗin tana da gyara, amma a ɓoye yake. Je About phone ka taɓa Build number sau 7, wani sashe mai suna Developer options zai bayyana. A ciki nemi Disable absolute volume ka kunna, ka cire haɗin Bluetooth ka sake haɗawa. Daga nan ƙarar waya da ta iyafis sun rabu, za ka iya rage ta iyafis ɗin sosai ka riƙa daidaitawa a hankali daga wayar. Wannan layin kaɗai za ka taɓa a wurin, sauran ba naka ba ne.

Masu Samsung suna da Media volume limit, rufi ne da ƙara ba za ta haura ba, har lambar sirri ake sa masa, ya dace da wayar da ake ba yaro. Masu iPhone su duba Headphone Safety, ana tsayar da rufin tsakanin desibel 75 zuwa 100.

Tambaya: Malam, gidan biki ne a bayanmu, DJ har tsakar dare. Wata ta ce in riƙa kunna ƙarar ruwan sama a waya. Ƙara a kan ƙara ba ƙarin ciwo ba ne? Daga wata 'yar uwa a Maraɗi.

Amsa: Ga wasu ƙarin ciwo ne, ga wasu rahama, sai an gwada. Sauti mai laushi da ba ya canzawa yana lulluɓe hawa da saukar kiɗan, kunne ya daina jiran bugu na gaba. A iPhone tun iOS 15 na 2021 akwai Background Sounds cikin Accessibility, da ruwan sama da teku da ƙorama. A Android sai ki sauke fayil ɗin a waya, kar ki dogara da YouTube, talla na iya faɗo miki da ƙarfi cikin barci. Fara da mai kauri, mai tsinin da yawa ba sa jure shi. Fanka ma tana wannan aikin. Kar dai ki ɗaga shi har ya danne DJ. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. Dukan ganga mai girgiza bango kuwa ta jiki yake shiga, babu abin kunnen da zai ɗauke shi duka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a ofis inbata na yin tsuwa duk sanda aka ɗauke wuta, kwamfuta na tata, abokan aiki na hira. Idan na sa hedifon sai a ce girman kai ne. Daga wani ma'aikaci a Kaduna.

Amsa: Yawancin inbata da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) suna da wurin kashe tsuwar, ko a maɓallin gaba ko a jerin saitinsu. Ka sa wanda ya haɗa muku ya kashe ta sanarwar ɗauke wuta, ya bar ta gargaɗin lodi da mutuwar batir idan injin ya raba su. A Windows buɗe Sound a Control Panel, shafin Sounds, ka zaɓi No Sounds. A nan dai, idan ka buɗe Properties na lasifikar, kwamfutoci da yawa suna da Loudness Equalization da ke hana ƙara zabura. A Chrome danna dama a kan sunan shafin da ke can sama (tab) ka zaɓi Mute site.

Hirar mutane ita ce mai wuya, domin ANC bai cika cin murya ba. Abin da ya fi dacewa da kai shi ne ƙananan matosan kunne masu tacewa, irin na makaɗa, da kamfanoni irin su Loop da Alpine ke yi. Suna sauke ƙara da kimanin desibel 15 zuwa 20 amma magana na fita, kuma ba sa tsone ido kamar babban hedifon. Sauran kuma baki ne zai yi: ka sami oga kai da shi, ka gaya masa lalura ce, kana ji idan an kira ka, ka nemi tebur nesa da ƙofa da firinta. Mutanenmu sun fi karɓar abu idan an gaya musu tun kafin su gani. In ka tashi aiki, kada ka tsallaka titi ko ka hau babur da ANC a kunne.

Tambaya: Malam, soson toshe kunne nake sawa tun safe har in kwanta. Yanzu in na cire, ko ƙarar cokali ba na iya jurewa, abin ya fi da. Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: 'Yar uwa, abin da kika lura da shi sananne ne wurin likitocin ji. Idan aka daɗe ana hana kunne sauti, ƙwaƙwalwa kan ƙara ƙarfin sauraronta don ta cike giɓin, sai abin da ba ya damun ki da ya fara damun ki. Ban ce ki jefar da su ba, masu cewa a daure a saba ba su san zafin ba. Ki ajiye soson don kasuwa, tasha, biki da lokacin janareta. A aji ki koma mai tacewa da na ambata a sama. A ɗakinki kuma ki fara cirewa na ɗan lokaci, da sauti mai laushi da ke kika zaɓa yana tashi ƙasa-ƙasa, kina ƙara lokacin gwargwadon yadda jikinki ya karɓa. Haɗa soso da marufi a lokaci guda kusan desibel 5 kawai yake ƙarawa, ba ninki ba.

Sannan ki je a duba kunnen. Cusa soso kullum na tura dauɗar kunne ciki, yana kuma jawo ƙaiƙayi da ciwo idan ba a sauya shi. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, suna gwajin ji, haka Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kafin ki je, ki yi mako guda kina rubutawa a waya: wace ƙara ce, a ina, ƙarfe nawa, me kika ji, zafi ne a cikin kunne ko tsoro ko ɓacin rai, domin kowanne da yadda ake tunkararsa. Idan kin sa manhajar auna ƙara ki rubuta lambar ma, amma ki gaya wa likitan da waya kika auna. Makirfon waya don murya aka yi shi, lambarsa ƙiyasi ce. Masu iPhone suna da NIOSH Sound Level Meter kyauta, ta hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ita ce na fi yarda da ita.